Ƙusoshi Goma a Jikin Kwali

Motar makarantar ta tafasa a karo na uku ranar Laraba da safe, a tsakiyar shataletalen da ya fi kowanne cunkoso, da yara talatin da biyu a cikinta. Yaran sun ji daɗi ƙwarai. Farin tururi na tashi daga gaban mota, masu motoci na zagi, Direba na tsaye da jarkar ruwa yana yi wa injin magiya. Iyayen yaran ne ba su ji daɗi ba, kuma su ke da waya.

Kafin tsakar rana kwamiti ya zauna a ofishin Malama, shugabar makarantar. Ciyaman tsohon ma'aikacin gwamnati ne, irin mutanen da ba sa iya cewa ruwa ya zube sai dai su ce an samu yanayi na zubewar ruwa. Ya yi minti ashirin yana bayanin cewa ba ya zargin kowa, sannan ya ajiye mata takarda mai zargin mutum ɗaya. Takardar ta ce an karɓe gyaran motar daga hannun bakaniken da ke yi, an mayar da shi wani gareji. Bakaniken yayan Malama ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wurin sa hannu kuma nata ne.

"Sau biyu yana canja gasket ɗin injin cikin wata huɗu," in ji Ciyaman. "Mu fa ba mu ce don ɗan'uwanki ne ba."

"To me kuka ce?"

"Ba mu dai ce ba."

Ta nemi a ba ta zuwa Litinin. Aka ba ta, da irin fuskar da ake ba mara lafiya abin da yake kwaɗayi bayan likita ya gama magana. Ta ninke takardar ta cusa a jaka. Ta san abin da kwamiti bai sani ba, ko ya sani bai dame shi ba: motar nan ita ce babban aiki na ƙarshe da ya rage wa garejin Yaya. Ranar da ta bar shi, garejin zai koma rumfar da tsofaffi ke shan inuwa.

Washegari da yamma ta tafi can kai tsaye daga ofis, da takalminta mai tsini. Garejin na mahaifinsu ne, kuma tun rasuwarsa ba abin da ya canja a ciki sai yawan tsatsa. Rumfar kwano, ramin shiga ƙarƙashin mota, dogon tebur na ƙarfe da baƙin mai ya rine, benci mai ƙafa uku da bulo. A saman ƙofa akwai allo da sunan Baba, a ƙarƙashinsa an rubuta "da Ɗansa". Motar na tsaye baki buɗe. An cire kan injin, an kai shi wurin mai injin goge ƙarfe ya daidaita fuskarsa, an dawo da shi yana ƙyalli a kan tebur. Kusa da shi ga sabon gasket a leda, wato siririn faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don ruwa da mai da wuta kowa ya tsaya a hanyarsa.

A jikin bango kuma an jingine kwali. An zana siffar inji a kansa, an huda ramuka goma, an soke kowane rami da doguwar ƙusa mai haƙora, irin waɗanda ke danne kan inji. Haka Baba yake yi: ƙusar da ta fito daga rami na uku, rami na uku za ta koma.

Yaya na tsugune yana kankare tsohon gasket daga gangar injin. Bai ɗago ba.

"Shugaba da kanta. A share mata benci, kada ilimi ya ɓaci."

"Yaya, an ba ni takardar korarka."

"Sai ki sa mata firam."

"Ba wasa nake ba. Zuwa Litinin ne. Me ke cinye gasket ɗin nan?"

"Ga mai cinye shi nan zaune." Ya nuna Direba da wuƙar kankara. "Mutumin da ba ya duba ruwa sai mota ta fara atishawa. Sai kuma masu yin gasket na yanzu, da takardar naɗe burodi suke yi."

Direba na zaune a kan tsohuwar taya. Mutum ne mai haƙuri, amma jiya mata uku sun zage shi ta waya, ɗaya har da kakarsa.

"Ni dai kullum sai na duba ruwa, Oga. Kuma mai goge ƙarfe ya ba ni saƙo tun wancan karon, na faɗa maka. Ya ce irin wannan injin ba a mayar masa da tsofaffin ƙusoshi. Sau ɗaya ake ɗaure su. Wai suna miƙewa."

"Suna miƙewa! Roba ce? Ko barci suka yi suka tashi?"

"Tun wancan karon aka faɗa maka?" in ji Malama.

"An faɗa mini abubuwa da yawa, Auta. An ce mini duniya ma juyawa take."

"Waɗannan na jikin kwalin, su ne dai na farko?"

"Su ne. Da su aka haifi motar."

"Ka ɗaure su, ka kwance, ka ɗaure, ka kwance, yanzu za ka sake ɗaurewa. Yara talatin da biyu a tsakiyar titi, ni kuma ina zaune ana kallona kamar wadda ta saci kujera ta kai gidansu, duk a kan ƙusa goma!"

Sai a nan ya miƙe. Dogo ne, ya fara ranƙwafawa, hannuwansa kamar an sassaƙa su daga jikin teburin.

"Ke, saurara. Kin yi jami'a, mun gode Allah, mun kuma ji a jikinmu. Amma nan ba aji ba ne. Shekara goma sha biyu ina tsaye a gefen Baba ina ɗaure kan inji. Ban taɓa ganin ya yar da ƙusa ɗaya ba. Goma za su fita, goma za su dawo a kwalinsu. Shekara talatin ina kan haka. Yau wani mai goge ƙarfe da direban da..."

"Me ka ce?"

"Na ce wani mai goge..."

"A'a. Baba bai taɓa me ba?"

"Bai taɓa yar da ƙusa ba."

Malama ta yi dariya. Ba irin dariyar da ake taya mutum ba ce. Direba ya ɗan ja tayarsa baya.

"Yaya, a zamanin Baba, idan aka cire ƙusoshin aka soke a kwali, ina ake kai kwalin?"

"Baya. Wurin wanki."

"Wa ke wankin?"

"Ke mana. Sai me?"

"Kuma wa ke dawo maka da shi?"

Ta ajiye jakarta a kan benci, ta bi ta gefen ramin zuwa ƙofar baya. Ƙofar ba ta tsayawa a buɗe da kanta, don haka tun zamanin Baba ake tokare ta da wani tsohon bokitin fenti mai nauyin tsiya. Kowace safiya Yaya na tura shi da ƙafa, kowace yamma ya janye shi da ƙafa. Ta nemi Direba ya ɓalle murfin. Ya sa ƙarfen taya ya ɓanɓare. Bokitin cike yake fam da dogayen ƙusoshi, tsatsa ta haɗe su sun zama dunƙule ɗaya.

"Ga waɗanda Baba bai yar ba," in ji ta. "Ni na yar masa."

Daga shekara tara zuwa sha biyar, kullum bayan makaranta, tana zaune a bakin famfon nan na baya da kwanon kananzir da tsohon burushi. Idan ta wanke ƙusa, Baba ya ba ta noti ɗaya, zoben ƙarfen nan mai haƙora a ciki, ya ce ta murza shi a kan ƙusar da yatsu biyu kawai. In ya sauka har ƙarshen haƙoran ba gardama, ta mayar da ƙusar raminta a kwali. In ya cije a hanya, ƙusar ta ja jiki ke nan, ta jefa a bokiti, ta ɗauko sabuwa daga akwatin katako ta soke a gurbinta. Ba kullum ake samu ba. Injunan da ƙusoshinsu kauri gare su, sai a yi mota uku ba a jefa ko ɗaya ba. Amma ana samu. Kwalin kuma kullum cike yake komawa gaba, wurin maza, inda ake aikin gaske.

Ta faɗi wannan duka a tsaye, da ƙarfi, tana nuna famfon da yatsa kamar shi ma yana da laifi.

"Ƙarya kike," in ji Yaya. Amma a hankali ya faɗa.

"Ba ni noti."

Direba ne ya tona gwangwanin notuna har ya samo mai haƙora daidai. Malama ta naɗe hannun rigarta, ta zare ƙusa ta farko daga kwali, ta goge ta da tsumma, ta ɗora notin. Yatsunta ba su manta ba, abin da ya ƙara ba ta haushi. Notin ya sauka sumul, zagaye biyar, shida, takwas. Ya cije. Ta ɗaga ƙusar saitin hasken ƙofa. A daidai wurin ta ɗan rame, kaɗan, yadda sai wanda aka nuna wa zai gani.

Ta jefa ta a kan tebur. Ta biyu ta cije. Ta uku ta wuce. Ta huɗu ta cije tun a zagaye na shida.

"Kawo nan." Yaya ya fizge. Ya murza da yatsu biyu, ya ƙara na uku, ya kama da tafin hannu gaba ɗaya har jijiyar wuyansa ta tashi. Notin ya tsaya inda ya tsaya. Ya gwada sauran da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Bakwai cikin goma.

Ƙusar da ta riga ta miƙe, ko an ɗaure ta tamau ba ta danne komai yadda ya kamata. Tana riƙewa sati uku, sati biyar, sannan zafi ya sami hanya. Ba sai an yi wa Yaya wannan bayanin ba. Rabin da ya sani ya ishe shi gane rabin da bai sani ba, kuma nan take ya gane.

Ya kwashi bakwai ɗin ya watsa su a bangon kwano. Ƙarar ta sa mai walda na maƙwabta ya leƙo, ya ga fuskoki, ya koma.

"Shekara talatin! Kina gari ɗaya da ni, kina zuwa nan kina zama a bencin nan kina yatsina, ba ki taɓa buɗe baki ba!"

"Na san ba ka sani ba ne? Ka taɓa tambayata abin da nake yi a baya? Wanke-wanke kake ce masa. 'Auta, an gama wanke-wanken?' Ko leƙowa ba ka yi, kada kananzir ya taɓa maka girma."

"Yarinya ce ke!"

"Yarinyar da hannunta ya tsage kamar ƙasar fadama! A makaranta Fitila ake kirana saboda wari. Ba mai zama kusa da ni. Kai an ba ka sifana, an rubuta ka a allo. 'Da Ɗansa.' Ni an ba ni kwano."

"To da kika tafi makarantar kwana fa? Wa ke yi?"

"Baba mana. Da sassafe, kafin ka gama shafa mai a gashi."

"Shekara biyu yana yi shi kaɗai, ina nan, bai ce zo ka gani ba?"

Wannan tambayar ba ita aka yi wa ba, kuma wanda aka yi wa ba ya kusa. Baba mutum ne da bai taɓa bayanin abin da za a iya nunawa da haɓa ba. Ya raba sana'arsa gida biyu, ya ba kowane ɗa rabi, ya rasu ba zato ba tare da ya gaya wa ko ɗaya cewa rabi ne ba. Allah ya jiƙansa, an ce ba a faɗin laifin mamaci, don haka suka ci gaba da faɗin na juna.

Can Yaya ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa na lilo a ciki.

"Motar gidan burodi," ya ce. "Sau biyu ta dawo. Na ce direbansu mashayi ne. Motocin kamfanin ruwa guda huɗu. Na ce musu injin zamani kwali ne. Har wani likita da ya dawo da motarsa, na yi masa ihu a gaban matarsa." Ya goge fuska da tsumman da ya fi fuskar datti. "Ciro takardar ki sa hannu."

"Ban gane ba."

"Kin gane. Mutanen nan gaskiya suka faɗa. Su kai ta inda aka iya."

"Lallai ma Yaya! Ka farke mini mota, ka baje hanjinta a tebur, sannan ka zauna kana tausayin kanka? Ba ka isa ba. Da kana ganin kana da gaskiya ka ƙi jin magana, yanzu ka ga ba ka da ita kana neman guduwa. Tashi."

"Kada ki yi mini tsawa a garejina."

"Rabinsa nawa ne, yanzu muka gano."

Ranar Juma'a ta bar mataimakinta da makaranta, ita da Direba suka shiga layin masu kayan gyara da lambar injin a rubuce. Shago na uku aka samu. Mai shagon ya rantse sababbi ne fil, ko iska ba ta taɓa su ba. Malama ta ciro notinta daga jaka, ta tsaya a kan kantarsa ta murza shi a kan duk goman, da yatsu biyu, layi na taruwa a bayanta.

"Hajiya, ba tumatir ba ne fa," in ji mai shagon.

"Da tumatir ne da na yarda da kai."

Asabar da hantsi suka haɗu a garejin. Yaya ya riga ya share ramukan ƙusoshin, ya busar da su, ya shimfiɗa gasket, shi da Direba sun ɗora kan injin. Ya aro sifana mai awo daga wurin mai goge ƙarfe, irin wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai. Yadda aka yi ya iya buɗe baki ya roƙa, ba wanda ya tambaya. Bai gaishe ta ba, ita ma ba ta gaishe shi ba.

A cikin kwalin sababbin ƙusoshin akwai 'yar takarda. Ita ta karanta, don shi ya ce rubutun ƙanana ne, kuma tabarau na malaman makaranta ne.

"Daga tsakiya za ka fara, kana fita waje. Kowace sai ta yi ƙas."

"Wannan tun ba a yaye ki ba na san shi."

Ya bi su duka goma, kowace ta yi ƙas.

"Yanzu ka ɗiga wa kan kowace farin fenti. Ka juya kowace kwata ɗin zagaye."

"Bayan ta yi ƙas?"

"Haka aka rubuta."

Ya yi tsaki, ya ɗauko dogon ƙarfe ya zura a sifana, ya bi su. Suna kuka ƙasa-ƙasa, yana ja, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya gama ya miƙe yana haki.

"Sai kuma wani kwatan," in ji ta.

"Wani me?"

"Kwata biyu ne. Ga shi nan."

Ya ɗora sifanar a kan ta tsakiya. Ya ja. Ɗigon fentin ya fara tafiya, ya yi rabin hanya, sai Yaya ya tsaya cak. Ya saki ƙarfen kamar ya ƙone shi.

"Ta saki. Na ji ta a hannuna, ta yi laushi. In na ƙara za ta karye a ciki, kuma in ta karye a ciki, ba Litinin ba, ko wata ɗaya motar nan ba ta tashi."

"Oga, a bar ta haka mana," in ji Direba. "Ai ta ɗauru."

Malama ta dubi takardar. Ita ba ta taɓa ɗaure ƙusa ba a rayuwarta. Hannun da ke gaya masa ya tsaya shi ne hannun da ya ciyar da gidansu bayan Baba, kuma a kan kowace irin ƙusa ta da, gaskiya yake faɗa. Amma waɗannan an yi su ne don su miƙe sau ɗaya, kuma laushin da ya ji shi ne miƙewar. Haka ta fahimta daga 'yar takardar da ba ta kai tafin hannu ba.

"Ja," ta ce.

"Auta, ba ki san abin da..."

"Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Ja, Yaya!"

Ya kalle ta da tsana tsantsa, irin wadda sai 'yan ɗaki ɗaya ke iya yi wa juna. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya runtse ido, ya ja. Ɗigon ya isa wurinsa. Ba abin da ya karye.

"Saura tara," in ji ta.

"Na iya ƙirga."

A kan kowace sai da ya tsaya a rabin hanya, a kan kowace sai da ta ce ja. Da aka gama ta goma, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ita kuma ta lura ta yayyage gefen takardar da farce.

"Kada ki yi murna," ya ce yana zaune a ƙasa. "Wancan karon ma lafiya lau ta tashi. Sai bayan sati biyar ake sanin gaskiya."

"Na sani."

Ta ciro waya ta kira Ciyaman, a nan gabansa. Ta ce motar za ta fito Litinin, kuma gyaranta na nan inda yake. Ciyaman ya fara bayanin cewa akwai yanayi na damuwa. Ta katse shi. Ta ce in motar ta sake tafasa a zangon nan, takarda biyu za ta sa wa hannu rana ɗaya, ta korar bakanike da ta ajiye aikinta, ya rubuta ya ajiye. Ta kashe wayar.

Yaya ya miƙe tsaye.

"Wa ya aike ki? Wa ya ce ki ɗora mini aikinki a ka? Shekara ashirin da shida kina koyarwa, ki rataye su a jikin ƙusa?"

"Ni na gwada su, kai ka ɗaure. In akwai mai tsoro ya faɗa."

Ya juya ya dubi ƙusoshin goma da fararen ɗigonsu a jere. Ya daɗe yana dubawa. Sannan hannunsa ya tafi da kansa wajen sifanar, don ya ɗan ƙara wa kowace kaɗan, kaɗan kawai, saboda kwanciyar hankali.

Ta riga shi. Ta ɗauke ta, ta koma benci ta zauna, ta ɗora ta a kan cinyarta, baƙin mai na shiga zanen da ta saya wancan watan.

"Ba ni kayan mutane."

"Rufe injin tukuna."

"Auta!"

"Ina nan har ka rufe."